Shin Alƙali Zai Karɓi Shaidar Yara?

Tambaya: Malam, yara suna wasa a bakin kududdufin unguwarmu, wani ya jefi ɗana mai shekara 9 da dutse, idonsa na hagu ya mutu. Babu babba a wurin. Mahaifin yaron ya ce maganar yara ba shaida ba ce. Haka ne?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Allah ya ba yaronka lafiya, ɗan'uwa, kai kuma ya ba ka haƙuri.

Maganar maƙwabcinka tana da tushe. A Suratul Baƙara, aya ta 282, Allah ya yi umarni a kafa shaidu biyu daga cikin mazajenmu, shi kuwa yaro bai kai ba. A kan wannan Imamu Abu Hanifa da Imamu Shafi'i suka tsaya.

Amma Imamu Malik ya ware mas'alar rauni. Ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Zubairu yana hukunci da shaidar yara kan raunin da suka yi wa junansu. Dalilin a fili yake: inda yara suke wasa manya ba sa zama, in aka rufe wannan ƙofa jininsu ya tafi a banza.

Sai dai malamanmu sun gindaya sharuɗɗa: su zama maza biyu ko fiye, masu wayo, ba dangi ba, ba abokan gaba ba, bakinsu ya zo ɗaya. Mafi nauyi, a ji su kafin su watse, kafin babba ya shiga tsakaninsu. Yaron da ya koma gida, uwa ta zaunar da shi a gindin murhu tana cewa "ka tabbata shi ne?", gobe da wuya ka bambance abin da ya gani da abin da aka ɗora masa a baki. Iyaye su ji tsoron Allah a nan, wannan kitsa shaidar zur ce. In sun riga sun watse shaidar ta faɗi, sai in adalai sun ji ta daga bakinsu tun suna tare.

Idan ta tabbata, babu ƙisasi a kan yaro, gangancinsa hukuncin kuskure yake ɗauka. Ido ɗaya rabin diyya ne, dangin mahaifin wanda ya yi jifan za su biya.

In kuwa ƙarar ta je kotun majistare a Najeriya, sashe na 209 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a saurari wanda bai kai shekara 14 ba ba tare da rantsuwa ba, amma ba a kama mutum da laifi da irin wannan shaida kaɗai.

Ka fara neman manyan da suka riga kowa isa wurin, ka ji ko yaran sun yi magana a gabansu. Wallahu a'alamu.