Oga, ai sanyi ya wuce, dusar ƙanƙara za ta zaftare kuma?

Toh yarona na ga saƙonka. Ka ce Turawan nan da ka kai dutsen Shere na kusa da Jos sun ce ka bi su hawan dutsen Toubkal a Maroko cikin Afirilu, kuma kana ganin tunda sanyi ya ja baya ai babu sauran fargabar zaftarewar dusar ƙanƙara. Akwai fa, salo kawai ta canza. Kuma ka cire Shere a ranka, Shere mita 1,800 da ɗoriya ne, Toubkal kuwa 4,167, a Afirilu samansa fari fat yake.

Ita dusar nan ba dunƙule ɗaya bace, hawa-hawa take, duk wadda ta sauka sai ta kwanta a kan ta baya. Idan rana ta fara ƙarfi saman ya narke, ruwan ya dinga tsiyaya ciki har ya tarar da wani hawa mai tauri ko dutsen kansa, sai ya kwanta nan ya sa wurin santsi, shikenan duk abinda ke sama ya sulale gaba ɗaya, ga nauyi don jiƙaƙƙiya ce. Ka san yadda bangon ramin kuza ke yi a Barikin Ladi cikin Agusta idan ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, toh haka.

Abinda ke riƙe ta shine daskarewar dare. Idan sama ta kwana garau, dusar za ta yi ɓawo mai tauri, da asuba ka taka ka ji ƙaras ƙaras, wannan lafiya lau. Amma in gajimare ya rufe sama aka kwana da ɗumi, ko ruwan sama ya sauka a kanta, bata daskare ba kenan, ranar ku zauna a masauki ku sha shayi ko da kuwa Baturen na ta mitar kuɗin jirginsa. Shi yasa aikin nan na agogo ne, a fita tun kafin asuba da tocila a goshi, a sauko kafin azahar. Gefen gabas ne ke fara shan rana, sai kudu, sai yamma, saboda haka hanyar da ka bi da safe tana da ƙarfi, da rana ba ita bace wallahi.

Ka dinga duba ƙafarka. In takalmi ya fara nutsewa ya wuce idon sawu, lokaci ya fara ƙurewa, in ya kai gwiwa kun makara. Ka damƙi dusar ka matse, in ruwa ya ɗiga ku juya. Haka in ka ga ƴan dunƙulalliyar dusa suna gangarowa da kansu suna ƙara girma. Gangaren da ya fi kisa shine mai digiri 30 zuwa 45, wanda ido ke gani kamar ba komai, kuma kar ka tsaya hutawa a ƙarƙashinsa ko cikin kwazazzabo. Akwai kuma leɓen dusa da iska ke tarawa a bakin tsauni, ƙasansa fanko ne, kar son hoto ya kai ka bakin.

Wurin da ake shakka ɗaya bayan ɗaya ake tsallakawa, sauran suna kallo daga gefe, don yawancin waɗanda take binnewa su ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da ita. Kowa ya rataya na'urar nan mai aika sigina don a gano wanda dusa ta binne, a jikinsa ba cikin jaka ba, da shebur da sandar caka dusa don laluben wanda ke ciki. Wanda aka tono cikin minti 15 galibi yana rayuwa, bayan rabin awa kuwa sai dai addu'a, kaga ba maganar jiran masu ceto, ku ne masu ceton. Ka sa su koya maka na'urar tun a ƙasa, kar kunya ta hana ka.

A Turai ma'aunin haɗarin daga 1 zuwa 5 yake, kuma a mataki na 3 aka fi mutuwa don mutane na raina shi. Can Toubkal dole ne ku ɗauki jagora ɗan gari, in ya ce a juya ka goya masa baya ko Turawan sun ɓata rai. Kafin ka tafi ka biyo shago da takalminka in gani, wancan na Shere ba zai yi ba.