Laftof sun ƙi hawa ta netwok, wai sai an yi musu filashin?

Tambaya: Salam Injiniya. Ni ke kula da kwamfutocin wata cibiyar CBT a nan Kano. Mun sayo laftof 30 'yan Beljiyam, Dell da HP, ina so in zuba musu Windows iri ɗaya ta sabar FOG (manhajar da ke zuba Windows a kwamfutoci da yawa ta netwok). Tsofaffin da muke da su suna hawa lafiya lau, amma waɗannan sai su tsaya a "Start PXE over IPv4" su ɗan jima su koma Windows. Wani mai gyara ya ce BIOS ɗinsu (manhajar da ke tayar da na'ura kafin Windows) ne ya lalace sai an yi filashin duka, wato a sake rubuta shi a kan chip ɗinsa. Jarrabawa ta matso, wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, kuma don Allah kar ka bari kowa ya taɓa BIOS ɗin nan.

Tunda har laftof ta rubuta maka "Start PXE over IPv4" (PXE ita ce hanyar hawa ta netwok) to BIOS ya yi aikinsa, ya fita neman saba, amsar da ta dace ce bai samu ba. Tsofaffin naka a Legacy suke, wato tsohon tsarin butin, DHCP (mai raba wa na'urori adireshin IP) yana miƙa musu fayil ɗin butin undionly.kpxe a option 67 su karɓa. Sababbin kuwa UEFI ne, sabon tsarin butin, wannan fayil ɗin ba abincinsu ba ne, ipxe.efi ko snponly.efi suke so. Sai ka saita DHCP ya bambance su ta option 60, masu Arch:00000 (Legacy) su samu nasu, masu 00007 da 00009 (UEFI) su samu nasu. Ka kashe Secure Boot (tsaron da ke hana fayil marar sa hannu tayar da na'ura) lokacin zubawar, don ipxe.efi na FOG ba shi da sa hannun da zai wuce. Sannan ka leƙa ko akwai wata rauta da aka jona a suwic ɗin tana raba IP ita ma, don sau da yawa ita take riga sabar amsawa kuma ba ta san wani fayil ɗin butin ba. In suwic ɗin Cisco ne kunna PortFast, saitin da ke sa ya buɗe wa na'ura hanya nan take.

Yanzu maganar filashin ɗin nan, abin yana ci min tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai an kawo min laftof da aka yi wa wannan aika-aikar. Mutum ya ga rubutun PXE bai gane ba, ko ya karanta bai yi ba, sai ya kwance na'ura ya maƙala ma chip ɗin 'yar furogiramarsa ta CH341A ya zuba wani fayil da ya tsinto a guruf ɗin WhatsApp, ko ajiye na asalin ba zai yi ba. Alhali a cikin chip ɗin nan lambar siriyal take, da makullin Windows na asali, kuma a masu katin netwok na Intel har MAC address (lambar da ke bambance kowane katin netwok) yana ciki. To ka duba, fayil ɗaya a laftof 30, ka tashi da na'urori masu MAC iri ɗaya, FOG kuma da MAC yake gane kowace, ga DHCP zai riƙa ba su IP ɗaya suna ture juna ranar jarrabawa yara na zaune. Wata ma ba za ta sake kawo haske ba sam. Haba jama'a! Dukiyar mutane amana ce, in ba ka san matsala ba ka ce ban sani ba, ba wanda zai yanka ka, amma ka karɓi kuɗin filashin 30 a kan abin da layi biyu a DHCP zai gyara, wannan kuɗin ka tambayi kanka halaccinsa.

Sabunta BIOS daga shafin Dell ko HP daban ne, wannan ba laifi in da buƙata, da caja a jone da batir cike saboda halin wutarmu.

Ka fara da guda ɗaya, ka jona ta da sabar a ƙaramin suwic ba rauta, danna F12. In ta sake ƙi, ɗauki hoton lambar kuskuren da ta fito, PXE-E16 ce ko E18 ko E23, ka turo min.