Amsa ga mai tambaya kan Joy Division: ta ina zan fara jinsu?

Ɗan'uwa ka ce ka ga baƙar rigar nan mai zanen layi-layi kamar tsaunuka an rubuta Joy Division, kana son sanin su waye kuma wane album za ka fara da shi. To ni dai na daɗe ina jinsu, ga abin da zan ce maka.

Ƙungiyar mawaƙa ce da aka kafa a Salford, kusa da Manchester a Ingila. A 1976 Bernard Sumner da Peter Hook suka je kallon wasan Sex Pistols, masu kiɗan punk, wato rock mai sauri da hayaniya, daga nan suka ce su ma sai sun kafa nasu, Ian Curtis ya shigo a mawaƙi, Stephen Morris ya kama ganga a 1977. Da farko sunansu Warsaw, sai a 1978 suka koma Joy Division suka saki ƙaramin faifai An Ideal for Living, wannan kam ɗanye ne, hayaniyar punk ce kawai, kar ka fara da shi.

Ka fara da Unknown Pleasures na 1979, zanen da ke rigar nan ma bangonsa ne, siginar rediyo ce ta wani tauraro, Peter Saville ya tsara. Amma don Allah ka sa iyafis, kar ka ji ta sifikar waya, domin rabin daɗin yana cikin bes ɗin Hook ne, wato jitar nan mai kaurin murya. Shi a saman igiya yake kaɗawa, bes ke jan waƙar jita na bin baya, kuma asalin abin kayan sautinsa ne marasa kyau, ba ya jin kansa idan ya yi ƙasa. Sannan ga furodusansu Martin Hannett wanda ya bar fili a cikin sautin, ganga na fita tsaf ita kaɗai kamar a ɗakin da babu kowa, har ƙarar fashewar gilashi za ka ji a I Remember Nothing. Su Hook da Sumner ma da farko ba su so aikin ba, a ganinsu ya sanyaya musu kiɗa, ni kuwa gani nake ba don shi ba da sun saje da sauran 'yan zamaninsu.

Ka tsaya sosai kan She's Lost Control. Curtis ya rubuta ta ne kan wata mai farfaɗiya da ya sani a wurin aikinsa, shi ma kuma ciwon ke damunsa, har a kan dandali yake faɗuwa wani lokaci. Wallahi duk sanda na ji ta sai jikina ya yi sanyi.

Bayan nan sai Closer, ya fi nauyi da duhu. An fitar da shi a Yulin 1980, wata biyu bayan Curtis ya kashe kansa ranar 18 ga Mayu yana ɗan shekara 23, ana dab da tafiyarsu Amurka. Album biyu ke nan gaba ɗaya, duka a kamfanin faifai na Tony Wilson, Factory Records. Waƙoƙinsu Love Will Tear Us Apart da Transmission ba sa cikin ko ɗaya, a Substance na 1988, faifan da aka tattara waƙoƙinsu a ciki, za ka same su.

Sauran ukun suka ɗauko Gillian Gilbert suka zama New Order, masu Blue Monday ta 1983, amma ka bar wannan tukuna har sai ka ji Closer ko sau biyu.