Amsa: Gonar da ta yi tsami

Malam, ka ce masararka tana tsumburewa duk da yuriyar da kake zuba mata, kana tambaya ko takin dabbobi kaɗai zai gyara. Zai taimaka, amma a hankali. Yuriyar da kanta, shekara da shekaru, tana ƙara wa ƙasa tsami. In awon pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, ya sauka ƙasa da 5.5, saiwa ba ta sakewa, sinadarin fosfaras kuma ya maƙale, shuka ba ta samu.

Fara kai samfurin ƙasar a auna, ko a IAR, Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya. Da sakamakon za ka san yawan garin farar ƙasar noma da za ka watsa don rage tsamin. Ka watsa shi wata 2 zuwa 3 kafin shuka, ka juya da garma ya shiga ciki.

Don Allah kada ka haɗa shi da ɗanyen kashin kaji rana ɗaya. Na taɓa yi, warin da ya tashi har ido yake yaji, ashe ƙarfin takin ne ke bin iska. Bar takin ya ruɓe, ka zuba bayan 'yan makonni. Tokar murhu ma tana rage tsami, kada matan gida su zubar.