Amsa ga angon da ke tambaya a kan Zanzibar

Assalamu alaikum. Ango, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Na ga tambayarka, cewa bayan biki kana son ka ɗauki amarya ku tafi Zanzibar, amma hotunan da kake gani a intanet sun sa jikinka ya yi sanyi: ko mai hijabi za ta iya sakewa a can, ko akwai abincin da za ku ci hankali kwance, da kuma yadda ake zuwa daga nan Kaduna. Na kuma ga masu ce maka ka haƙura ka nufi Dubai kawai. Ni aiki ya sha kai ni Darussalam ta ƙasar Tanzaniya, daga can nake tsallakawa tsibirin, daga baya kuma na je da iyali. Shawarata ita ce ku je, amma ka zauna ka yi nazarin inda za ku kama masauki, domin shi zai yanke abin da idonku zai gani.

Hotunan nan gaskiya ne, sai dai ɗan siririn yashin da ke gaban otal-otal kaɗai suke nunawa. Mutanen Zanzibar, wato tsibiran Unguja da Pemba, sun kusa miliyan 1.9 a ƙidayar 2022, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. Kana barin yashin ka shiga ƙauye za ka ci karo da 'yan mata sanye da hijabi suna tafiya Islamiyya, maza da farar jallabiya da hula mai aiki, ladan yana kiran salla a kan lokaci. Ba wanda zai ɗaga kai ya kalli amaryarka. Wadda ake bi da ido ita ce Baturiyar da ta shigo kasuwa da guntun wando, har ma a 2021 gwamnatin tsibirin ta yi gargaɗin cin tara a kan irin wannan shigar a cikin gari.

Don haka kada ku sauka daga jirgi ku wuce bakin teku kai tsaye kamar yadda Turawa suke yi. Ku fara kwana a tsohon garin, Stone Town. Lunguna ne ƙanana da mota ba ta shiga, gidaje masu benaye da aka gina da dutsen murjani, ƙofofin katako masu sassaƙa da manyan ƙusoshin tagulla. Wanda ya san lungunan cikin birnin Zariya, da yadda dattawa ke zama a dakali bayan la'asar, ba zai ji baƙunta ba. Akwai wata 'yar mahaɗa da suke kira Jaws Corner. Ka je da hantsi ko da yamma: mai gahawa yana zaune da butarsa a kan garwashi, yana ɗauraye 'yan ƙananan kofuna a kwanon ruwa yana miƙa wa mutane, ana haɗawa da wata alewar gyaɗa ko ta kwakwa don gahawar baƙa ce wuluk ba sukari. Musun siyasa da na ƙwallo ake yi, ko ba ka jin Suwahili za ka gane wanda aka ƙure. Ka yi sallama kawai a matsa maka wuri. Ku sa rai za ku ɓata a lungunan nan, kowa yana ɓata, amma garin ƙarami ne, duk inda kuka miƙa ko ku ɓulla bakin ruwa ko babban titi.

Garin yana da tarihi mai nauyi. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya dawo da fadarsa nan wajen 1840, arzikin wurin kuma ya ginu ne a kan kanumfari da hauren giwa da cinikin bayi. An rufe kasuwar bayin a 1873, aka gina cocin Angilika a filin, yana nan har yau a unguwar Mkunazini. A gefensa akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi a matsayin inda ake tsare bayi, rufinsu ƙasa-ƙasa sai ka sunkuya, iska ta 'yar kafa take shigowa. Wasu 'yan'uwanmu suna ƙin shiga don harabar coci ce. Ni a ganina ya kamata a shiga, ko don mutum ya tuna cewa da yawa daga masu wannan cinikin masu salla ne irinmu. A watan Janairun 1964 aka yi juyin juya halin da ya kawar da sarautar, a Afrilun shekarar kuma Zanzibar ta haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya. Har yanzu suna da shugabansu da majalisarsu, shi ya sa ko daga Darussalam ka taso a jirgin ruwa, tafiyar kamar awa 2, sai an duba fasfonka a tashar.

Maganar salla, kada ka rikice ranar farko. Yawancinsu Shafi'iyya ne, liman yana bayyana bisimilla, a asuba kuma bayan an ɗago daga ruku'u ake yin alƙunutu a bayyane, hannuwa a sama ana amsa amin. Akwai kuma masallatan Ibadawa, zuriyar mutanen Oman, su kuma sakin hannu suke yi. In kuka gangara kudancin tsibirin, a Kizimkazi akwai masallacin da rubutun jikin bangonsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan hijira, wato 1107.

To, bakin tekun kansa. Abin da masu tallar otal ba sa faɗa shi ne ruwan yana da lokacin zuwa da na tafiya. Sau biyu a kowace rana yake cika ya janye, lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kullum, ya fi ƙarfi kuma a farkon wata da tsakiyarsa. A arewa, Nungwi da Kendwa, janyewar kaɗan ce, kowane lokaci ana iya shiga ruwa, shi ya sa nan ne cincirindon Turawa, kiɗa da giya da shigar da kake gudu. A Kendwa har casu suke yi duk daren da wata ya cika. Ku je da rana ku ga yadda ake ƙera manyan jiragen ruwa na katako da hannu a Nungwi, ku kalli faɗuwar rana, ku koma. Ban ba ka shawarar kwana can da amarya ba.

Gabas ita ce taku. Paje tana da hayaniyar matasa masu wasan tsere a kan ruwa, amma in ka gangara Jambiani ƙauyen masunta ne shiru, masaukan ƙanana, wasu ma gida ne guda da ɗan wurin wanka a cikin katanga, maiɗakinka ta shiga ruwa ba idon kowa. A nan idan teku ta janye sai ka ga ta yi nisa har ka rasa inda ta nufa, an bar farin yashi da 'yan kududdufai. Lokacin ne matan ƙauyen ke fitowa da zannuwansu da mayafai, su shiga ruwa iya gwiwa, suna duba gonakinsu. Eh, gonaki: turaku ne aka kafa a yashi aka ja igiyoyi, aka ɗaure ciyawar teku a jiki tana girma. Su cira, su ɗora a ka cikin buhu, su shanya a rana, 'yan kasuwa su saya a fita da ita waje ana sa ta a abinci da kayan shafa. Tun ƙarshen shekarun 1980 suke wannan sana'a, wahala da yawa kuɗi kaɗan. Uwargidana ta fi daɗewa a wurinsu fiye da ko'ina, da hannu da ka suke hira amma sun fahimci juna. Ku dai nemi izini kafin ku ɗauki hotonsu, ba sa son a ɗaga musu waya haka kawai. In kuna son yashin ya zama naku ku kaɗai, ku fito bayan sallar asuba, masu yawon buɗe ido ba su tashi ba, rana kuma ta cikin ruwan take fitowa.

Ku sa takalmin roba in za ku taka cikin ruwan, akwai wasu baƙaƙen halittu masu dogayen ƙayoyi da ke karyewa a cikin tafin ƙafa. Kuma, Ango, ko ka iya iyo, duk kwale-kwalen da za ku hau ka ce sai an ba ku rigar kariya. In mai jirgin ya ce babu, ku sauka.

Abinci ba shi da matsala a cikin gari, yankan Musulmi ne. A otal ɗin Turawa ne za ka tambaya, don wasu suna sa naman alade a karin kumallo, suna kuma zuba giya a miya. Akwai masaukan da ba sa sayar da giya sam, ka tambaya a rubuce kafin ka biya. Kowa zai tura ku Forodhani, filin bakin ruwa da ake baje kolin abinci da magariba. Ku je ku sha ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami, ku kalli samarin garin suna alkafura suna faɗawa teku, amma kifi da jatan landen da aka jera a faranti ban yarda da su ba, ba ka san tun yaushe suke nan ba. Inda 'yan gari ke layi nan za ku ci: shinkafa mai kayan ƙamshi, kifi a miyar kwakwa, da wani romo mai tsami da suke kira urojo, da dankali da 'yan ƙosai a ciki. Girkinsu ƙamshi ne ba zafi, amarya ta ƙulla yajinta daga gida.

Masu damu su ne samarin da ke bin baƙi a bakin ruwa da tallar yawo da tsarabar roba. Sun fi maƙale wa Turawa, amma da sun ji Najeriya sai su ɗauka kai ma da dala ka zo. Ka yi ciniki a gama magana kafin ka hau komai. Ka kuma lura da agogonsu: daga ƙarfe 6 na safe suke fara ƙirga awa, don haka ƙarfe 1 nasu shi ne 7 a irin ƙirgarmu. In direba ya ba ka lokaci, ka sa ya nuna maka a waya.

Takardu kuwa, ka fara su tun kafin a raba katin biki. Ɗan Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ka nema tun daga gida ka jira amincewa, tana iya ɗaukar makonni, kada ka sayi tikitin da ba a canjawa kafin ta fito. Ku riƙe katin rigakafin cutar shawara. Tun Oktoban 2024 kuma duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya biya inshorar gwamnatinsu, dala 44 kowane mutum. Hanya mafi sauƙi ita ce jirgin Habasha daga Abuja ko Kano zuwa Adis Ababa, daga nan zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume. In bikin ya faɗo tsakanin Maris da Mayu ku ɗaga tafiyar, damina ce mai ƙarfi. Yuni zuwa Oktoba ya fi daɗi.

Tsaraba a kasuwar Darajani za ku saya, kanumfari da kirfa da masoro sun fi araha a can fiye da shagunan baƙi. Zannuwansu masu suna kanga ma suna da kyau, falle biyu ake sayarwa, amma kowanne da rubutu a bakinsa, wasu addu'a ne, wasu kuwa habaici ne na kishiyoyi da maƙwabta. Ka sa mai shago ya fassara muku kafin amarya ta zaɓar wa Hajiyarka.