Kek mai jeli kala-kala: dalilin da ya sa naki ya caɓe, da yadda za ki gyara kafin walima

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kin gwada kek ɗin nan da ake hudawa a zuba jeli, wanda idan an yanka ake ganin layukan kala a ciki, amma naki ya jiƙe sharkaf, ƙasansa ya zama kamar kunu, kalolin suka haɗe suka koma ruwan ƙasa. Ga kuma walimar saukar 'yarki saura sati biyu. Allah ya sanya albarka a karatun. Kada hankalinki ya tashi, ni ma na farkon da na yi a bola ya ƙare, sai a na uku na gane inda gizo ke saƙa.

Ina kyautata zaton kin bi abin da aka rubuta a jikin kwalin jelin ne. Wannan awon na jelin da za a sha da cokali ne. Ƙaramin kwali na giram 85 yawanci ruwa kofi 2 ake ce a sa masa. Na kek kuwa kofi 1 na tafasasshen ruwa da rabin kofi na ruwan sanyi ya ishe shi, kuma wannan kofi ɗaya da rabin shi ne duk abin da kek ɗin babban gwangwani mai kusurwa huɗu, mai inci 9 da 13, zai iya sha. Idan kin haɗa kwali uku don kina son kala uku, kowanne da cikakken ruwansa, kofi shida ke nan kika juye wa kek guda. Ina zai kai shi? Abin da nake yi, rabin kwali na kowace kala, in narka shi a rabin kofi na ruwan zafi. Kala uku, kofi ɗaya da rabi. Ragowar garin ki ɗaure a leda ki ajiye, ko ki yi wa yara jelin sha.

Kafin in ci gaba, ki duba bayan kwali tun a shago. Asalin kek ɗin na Amurka ne, masu kamfanin garin jeli na Jell-O suka yayata shi a shekarun 1970 don su sayar da hajarsu, kuma jelatin, wato sinadarin da ke sa jeli ya kama, da yawa na can daga fatar alade ake fitar da shi. Ki nemi wanda aka rubuta halal ko aka ce na saniya ne ko na kifi. Akwai kuma wanda ake yi da tsiron teku, irin su agar, babu dabba a ciki sam. Shi sai an tafasa shi a wuta, kuma yana daskarewa tun kafin ya shiga firij, don haka yana son saurin hannu. Ban so ki fara koyo da shi ana gab da taro.

Shi kansa kek ɗin, fari ake so. Gwaiduwa na sa shi ya yi rawaya, shuɗi ya zauna a kai ya koma wani kore-kore mara kyau. Ni farin ƙwai 4 nake sawa, fulawa kofi 2 da rabi, suga kofi 1 da kwata, madara kofi 1, bekin fauda babban cokali 1, ɗan gishiri da filebon banila, sai mai rabin kofi. Mai na ce, ba bota ba, kuma da gangan. Wannan kek da sanyinsa ake ci, bota kuwa idan ta kwana a firij sai ta taurare, kek ya zama kamar gurasar jiya. Mai ba ya haka. Ki zaɓi wanda ba shi da ƙamshi, kada ki sa man ƙuli. Ki kuma lura na rage suga, domin jelin ma zaƙi ne zalla. A gasa a wuta mai zafin digiri 180 kamar minti 30, har tsinke ya fito tas.

Kada ki fitar da shi daga gwangwani. A ciki za ki huda, a ciki za ki zuba, a ciki zai kwana. Ki bar shi ya huce tukuna, aƙalla minti 20. Mai zafi ɓurmawa yake idan an soke shi.

Wajen hudawa na fi ɓata lokaci kafin in gane. Masu kala ɗaya cokali mai yatsu suke sawa su caccaka ko'ina su kwarara jeli a kai, kuma yana yi. Mai kala uku ba ta yi da cokali mai yatsu, ramukan sun yi ƙanana sun kuma yi kusa da juna. Ki samu ƙotar ƙaramin cokalin katako ko tsinken tsire mai kauri, ki yi ramuka a jere, tazarar kamar faɗin yatsu biyu. Kada ki kai har ƙasa, ki tsaya ya rage saura kaɗan. Ramin da ya taɓa gwangwani hanya ce, jeli zai zurare ya kwanta a ƙasa, ina jin shi ne kunun da kika gani. Ki riƙa goge tsinken bayan 'yan huje, in ba haka ba yana tsinko naman kek ɗin.

Sannan jelin kansa kada ya shiga da zafinsa. Ki dama shi sosai, minti biyu cur, har ki daina jin tsakin suga a ƙasan kofi, ki bar shi ya huce ki iya sa yatsa ba ki ji zafi ba, amma yana nan ruwa. Mai zafi gudu yake cikin kek kamar ruwa a yashi, mai ɗumi-ɗumi tsayawa yake kusa da raminsa. In kin yi sake ya fara kauri, ɗora kofin cikin ruwan zafi ya saki. Ni sabon sirinji babba marar allura nake saya a kemis, in ɗura kowane rami daban. Mijina har dariya yake yi wai ina yi wa kek rigakafi. Ƙaramin cokali ma yana yi, sai dai yana ɗiga a sama, amma ai kirim zai rufe.

Jerin kalolin ma da dabara. Duk yadda kika yi maƙwabta sai sun ɗan taɓa juna, to ki haɗa waɗanda suke shiri. Ja da rawaya suna ba da ruwan goro, rawaya da shuɗi kore, ja da shuɗi ruwan makuba. Ja da kore su ne ba sa ga maciji, su suka ba ki ruwan ƙasa. Idan dole sai da su, ki sa layin rawaya a tsakani. Ki zuba kala ɗaya, ki sa a firij minti 10, ki fito ki zuba ta biyu.

In ba ki samu jan jeli ba, zoɓo na yi, kuma ni na fi son ɗanɗanonsa. Ki dafa shi da kauri, ki tace, ki sa suga, ki jiƙa jelatin marar ɗanɗano ƙaramin cokali 1 a ɗan ruwan sanyi minti biyar, ki narka shi a rabin kofin zoɓon mai zafi. Sai dai ki kula, ɗanyar abarba, gwanda da ɗanyar citta suna da wani sinadari da ke karya jelatin, ba zai taɓa kamawa ba. Idan an tafasa su tare da zoɓon babu matsala, zafi na kashe shi. Ruwan abarbar da ake matsawa a zuba daga baya, shi ne abin gudu.

Yanzu babbar magana, sanyi. Awa 4 ne mafi ƙaranci a firij, kwana ya fi. Jelatin na fara narkewa tun wajen digiri 35, zafin da a bazara ko a inuwa muna wuce shi. Na taɓa yi wa 'yar yayata na suna a watan Afrilu, aka ɗauke wuta tun magariba, na ce ai firij na riƙe sanyi. Da safe kek ya yi kyau a ido, muna kai shi gidan suna aka ajiye a tsakar gida, kafin azahar kirim ya zube, kalolin suka bi shi. Tun daga ranar, in ba ni da tabbacin wuta ko janareta, nakan sayi ƙanƙara in shimfiɗa a babbar kula, in rufe gwangwanin da leda in ɗora a kai. Kada dai ki ce za ki yi sauri ki jefa a firiza ya daskare, idan ya saki ruwa zai tsatsafo.

Kirim na sama ki buga shi da sanyinsa, kwanon ma ya yi sanyi, ki shafa da safen walimar. Garin kirim da ake bugawa da ruwan sanyi ya fi jure zafinmu. Ki bar saman fari fat, ko ki ɗan barbaɗa kayan ado, domin daɗin abin shi ne yara su ga fari, a yanka su ga kala.

Gwangwani ɗaya yana ba da yanka 20 zuwa 24 ƙanana. Idan mutanenki sun fi haka ki yi biyu, ki bar na biyun a sanyi sai na farko ya ƙare. Ki goge wuƙa da tsumma mai tsabta bayan kowane yanka don kada ja ya shafi farin kirim. Tunda kina da sati biyu, ki yi gwaji da rabin awo a ƙaramin gwangwani wannan Asabar ɗin, ki yanka ki turo mana hoton cikinsa. In ƙasan ya sake jiƙewa zan gane ko daga ramukan ne ko daga ruwan.