Tambaya da Amsa: Wai me cibiyar Mila ta Kanada ta tsinana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ajin ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta, lakcaranmu kullum ba shi da zance sai na wata cibiya wai ita Mila a Kanada, ya ce duk mai son yin mastas a ƙirƙirarriyar basira can ya kamata ya nema. Na leƙa shafinsu ban ga komai ba sai takardun bincike rututu, ba waya suke ƙerawa ba, ba su da manhaja irin WhatsApp. Wai da me ake gane cibiya ta yi tasiri, yawan takardu ne kawai? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanina. Lakcaranka bai yi ƙarya ba, amma kai ma tambayarka tana kan hanya, don takarda kam ko a nan gida ana ta rubutawa saboda ƙarin girma a wurin aiki, a buga a ajiye a kanta ƙura ta rufe.

Mila a birnin Montiriyal take. Farfesa Yoshua Bengio ne ya fara ta a 1993 a matsayin ƙaramin ɗakin bincike a Jami'ar Montiriyal, lokacin da yawancin masana suka juya wa fannin da yake yi baya, wato koyar da kwamfuta ta hanyar kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ana ganin ɓata lokaci ne. Yanzu haɗin gwiwa ce da Jami'ar McGill da wasu manyan makarantu biyu na birnin.

Bari in ɗauko maka takarda ɗaya tak cikin rututun da ka gani. A 2014 wani matashi Dzmitry Bahdanau da ya zo koyon aiki daga wata jami'a a Jamus, shi da Kyunghyun Cho da Bengio, suka duba matsalar fassarar inji. A da injin sai ya haɗiye jimla gaba ɗaya ya dunƙule ta wuri guda sannan ya fara fassara, kamar tafintan da ya bari mai jawabi ya kai aya sannan ya buɗe baki, in maganar ta yi tsawo ai rabi ya zube. Su kuma suka ce a'a, a yi irin na wurin tafsirin azumi, mai jan baƙi ya ja, malam yana fassara yana komawa kan kalmar da yake buƙata a daidai wannan gaɓar. Ɗauki misali: "Audu ya sayar da akuyarsa saboda ta tsufa." In injin ya zo kan "ta", sai ya waiwaya ya ɗora nauyi a kan akuya, ba kan Audu ba. Wannan dabarar maida hankali ita mutanen Google suka ɗauka a 2017 suka gina tsarin da ake kira tiransifoma, ba irin ta wutar unguwa ba fa, kuma harafin T ɗin da ke ƙarshen sunan ChatGPT ita yake nufi. To ka ga Mila ba ta da manhaja a wayarka, amma hannunta na ciki dumu-dumu.

A wannan shekarar dai ta 2014 ɗalibin Bengio, Ian Goodfellow, ya fito da GAN, inda ake haɗa injina biyu kokawa, ɗaya na ƙirƙiro hoton bogi ɗaya na ƙoƙarin kama shi, har na farkon ya gwanance. Da ita aka fara yin fuskokin mutanen da ba a taɓa haifa ba, alherinta da sharrinta duk mun gani. Mutanen Mila sun kuma saki manhajar lissafi mai suna Theano kyauta, masu bincike suka yi shekaru suna aiki da ita kafin Mila ta daina raya ta a 2017. Bengio kuwa ya raba lambar yabo ta Turing ta 2018, babbar lambar yabo ta fannin kwamfuta, da takwarorinsa masana Geoffrey Hinton da Yann LeCun.

Ni a ganina ma'auni na biyu ya fi na takarda ƙarfi, wato ina ɗaliban suka tafi, kuma wa ya biyo sawu. Google da Facebook da kamfanin ƙirƙirarriyar basira na DeepMind duk sun buɗe ɗakunan bincike a Montiriyal saboda mutanen da ake yayewa a can. Sai dai kar in yi maka kwalliya da yawa, kamfanin Element AI da Bengio ya shiga kafawa a 2016 bai kai inda aka yi zato ba, a 2020 wani kamfanin Amurka, ServiceNow, ya saye shi, har wasu 'yan Kanada na ƙorafin cewa kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

TAMBAYA: Malam, irin waɗannan cibiyoyi suna taɓa harshen Hausa kuwa, ko dai Turanci da Faransanci ne kawai? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Suna taɓawa Malama, amma ba su ne suka ɗauko nauyin ba. David Adelani, ɗan Najeriya da yanzu yake koyarwa a McGill kuma yana cikin malaman Mila, shi ya jagoranci aikin MasakhaNER na 2021 tun yana karatun digirin digirgir a Jamus, inda aka tara rubutu a harsunan Afirka 10 har da Hausa, aka bi layi-layi ana yi wa sunan mutum da na gari da na ƙungiya alama da hannu don injin ya koya. Wannan zaman alamar kuwa masu jin harshen ne suka yi shi a ƙarƙashin Masakhane, ƙungiyar masu koya wa kwamfuta harsunan Afirka, kuma akwai 'yan ƙungiyar HausaNLP da ke irin wannan aikin a kan Hausa, in kina da sha'awa ta wurinsu za ki fara.